Zugazugin Da Ya Huje: Jawabi Kan Yoyon Huhu

(Cikakken jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a zaman lacca na taron shekara-shekara)

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya tamu, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena da kuka yiwo takakkiya daga Legas da Fatakwal da Abuja da Kaduna da birnin Kano, ina yi muku barka da zuwa gida.

Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan lafiya, na san abin da akasarinku za su zata shi ne zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini, domin su ne suka fi yawa a gidajenmu. Na nemi afuwarsu, na zaɓi wata larura da ba kowa ya taɓa jin sunanta ba, wadda ma ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Dalilina shi ne, duk lokacin da na gan ta a jikin ɗan ƙasarmu, idan na bi sawunta baya, sai in tarar da wani wuri da mu mazauna birni muka iya tare ta da abin da bai kai kuɗin man motar da muka sha muka zo wannan taro ba.

Bari in fara daga maƙera, tunda mu Gayawa ba baƙi ba ne a wurin. Tarihin baka na Kano ya tafi a kan cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala don neman tama daga Gaya suka tashi, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa. To, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa ran wutar yana ga zugazugi. Fata ce da aka ɗinke ta ruf, aka bar mata hanya guda da iska za ta bi ta isa ga gawayi. Ranar da ɓera ya huda fatar nan, yaron maƙera zai yi ta zuga har gumi ya jiƙa shi, amma wuta ba za ta yi ja ba, domin iskar tana zurarewa ta inda ba a nufa ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin jawabina.

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara cikin ƙirji, inda bututun ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Daga nan kowanne ya yi ta rassa kamar bishiyar kuka da aka kifa, rabuwa bayan rabuwa har sau ashirin da wani abu, kafin a kai ga wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani, miliyan ɗaruruwa, inda iska ke haɗuwa da jini. Shi kuma huhun an lulluɓe shi da wani tantani mai santsi, an kuma shafe cikin haƙarƙari da irinsa. Tsakanin tantanin nan biyu babu komai sai ɗan ruwa da bai wuce cokali biyu ko uku ba. Ku ɗauki gilashi biyu ku jiƙa su, ku haɗa fuskokinsu: za su riƙa zamewa a kan juna, amma raba su sai an sha wuya. Haka huhu yake manne da haƙarƙari. Idan ƙirji ya buɗe sai ya jawo huhu, iska ta shiga. Idan ya koma sai ta fita. Sharaɗin kawai shi ne kada iska ta sami hanyar shiga tsakanin tantanin nan biyu. Da zarar ta shiga, mannewar ta warware, huhu ya yamutse ya koma gefe kamar salkar da aka tsiyaye.

Larurar da nake nufi ita ce hanya ta ɓulle tsakanin bututun iska da wannan fili da ke tsakanin tantani biyu, ta kuma ƙi rufewa. A littattafanmu fistula ake ce wa kowace irin ɓarauniyar hanya da ta haɗa wurare biyu da bai kamata su haɗu ba. Iyayenmu mata sun san 'yar'uwarta, wato yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da Asibitin Murtala na Kano da Jahun da ke nan maƙwabtanmu. Saboda haka ni yoyon huhu nake kiran wannan idan ina yi wa majinyata bayani, kuma na lura suna ganewa nan take.

Ɓarnar yoyon huhu ta hanya uku take zuwa, kuma kowace tana ƙarfafa 'yar'uwarta. Iska tana fita daga huhu tana taruwa a ƙirji, ta hana shi buɗewa. Ƙwayoyin cuta da ke cikin majina suna bin hanyar su shiga wurin da a da tsarkakakke ne, su tara mugunya, wani lokaci har fiye da lita guda. Ta ukun ita ce ta fi ba mu tsoro: mugunyar nan tana iya juyowa ta ramin ta hau bututun iska, ta kwarara cikin huhu mai lafiya, mutum ya nutse a cikin ɗiwar jikinsa yana kwance a kan gadonsa. Akwai kuma lokacin da ramin ke zama kamar bawul ɗin tayar keke, iska ta shiga ƙirji ba ta fita, ta yi ta taruwa har ta ture zuciya gefe ta danne manyan jijiyoyin jini. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

A Turai da Amurka, mafi yawan masu yoyon huhu mutane ne da aka yi wa tiyata aka yanke wani ɓangare na huhu, galibi saboda ciwon daji, sai ɗinkin da aka yi wa kututturen bututun ya saki. Idan sashe ɗaya aka cire, abin bai cika wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba. Idan huhun aka cire ɗungurungum, musamman na dama, haɗarin ya ninka haka sau da yawa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an ga wasu a cikin waɗanda aka daɗe ana hura musu iska da na'ura. Amma mu a nan ba ta wannan ƙofa yake shigo mana ba. Akwai dai wanda haƙarƙarinsa ya karye a haɗarin mota tsakanin Wudil da Gaya ƙashin ya soke huhu, da wanda aka daɓa wa wuƙa, da makiyayin da sa ya kai wa ƙaho. Sai dai waɗannan tsiraru ne. Manyan ƙofofi biyu su ne tarin fuka ga manya, da ciwon awazu, wato limoniya, ga ƙananan yara. Dukkansu kuwa da tari suke farawa, tarin da aka ce sanyi ne zai wuce.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya a Balin ranar 24 ga Maris, 1882, aikinta irin na gara ne. Ba ta gaggawa. Tana cin naman huhu daga ciki, galibi daga sama, har ta yi kogo. Idan kogon yana kusa da bango, wata rana mutum ya yi tari mai ƙarfi sai bangon ya fashe, abin da ke cikin kogon ya zube a tsakanin tantani, hanyar kuma ta zauna a buɗe domin naman da ke kewaye da ita ruɓaɓɓe ne, ba shi da ƙarfin haɗewa. Wannan ba ya faruwa a mako na farko ko na biyu. Sai an yi watanni ana zaryar kyamis, ana sayen maganin tari na kwalba da kafso ɗai-ɗai, ana jiƙe-jiƙe da turare, mutum yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumin dare, 'yan'uwa suna raɗa cewa sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, ya kashe kimanin miliyan 1.25. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi, kusan rabin miliyan a shekarar, kuma Kano tana cikin jihohin da ke kan gaba. Ba labarin wata nahiya nake ba ku ba.

Ga wani da na gani da idona, ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensu ba, domin danginsa na iya kasancewa a wannan zaure. Saurayi ne ɗan ci-rani, yana tura baro a wata kasuwa a Legas, su goma sha wani abu suke kwana a shago guda da ba shi da taga. Ya yi sa'a wani ɗan garinsu ya kai shi aka gwada kakinsa, aka sami cutar, aka ɗora shi a kan magani. Cikin wata biyu tari ya tsaya, ya mayar da jikinsa, damina ta kawo kai, ya ɗaure kayansa ya taho gida noma, sauran maganin wata huɗu kuwa ya bar shi a Legas. A ganinsa ya warke. Bayan girbi tari ya dawo, wannan karo da zazzaɓi da ciwon gefe. Daga baya wani kumburi ya taso masa a ƙasan hammata, mai laushi, kamar babban maruru. Aka kira wanzami ya yi sakiya. Mugunya ta fito, kowa ya ce alhamdu lillahi, ciwo ya sami hanya. Amma ramin bai rufe ba, kuma uwarsa ce ta fara lura cewa idan ya yi tari, ramin yana huci. Abin da suka ɗauka maruru ne, mugunyar cikin ƙirji ce ta cika ta nemo hanya ta tsakanin haƙarƙari. Ranar da aka kawo shi, hanya a buɗe take tun daga maƙogwaronsa har zuwa fatar gefensa.

Ba na faɗin wannan don in ci zarafin wanzamai. Sana'a ce ta gado, kuma sun yi wa al'umma hidima tun ba a san asibiti ba. Hasali ma, likitoci masu digiri sun taɓa yin irin wannan kuskure, suka kashe mutane da yawa. A 1918, lokacin babbar murar da ta game duniya, sojojin Amurka da dama sun tara mugunya a ƙirji, likitocin soja kuwa da sun gano sai su yanke haƙarƙari su buɗe ƙirji nan take. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka sun mutu, a wasu barikoki ma abin ya zarce haka nesa. Aka kafa kwamiti wanda wani likita mai suna Evarts Graham yake ciki, ya nuna cewa buɗe ƙirji da wuri shi ke sa iska ta afka ciki huhu ya faɗi, mutumin da dama numfashinsa da ƙyar ne ya ƙarasa. Da suka koma zuƙe mugunyar ba tare da barin iska ta shiga ba, suka kuma dage da ciyar da majinyata, mace-macen suka sauko ƙasa da kashi 5. Idan wuƙar likita a ɗakin tiyata ta yi wannan ɓarna, to ina ga ƙarfen sakiya a zaure? Roƙona ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni shi ne su isar wa sarakunan aska cewa kumburin da ke kan haƙarƙarin mai tari ba nasu ba ne.

Na yara kuwa ya fi sauri. Yaro ya yi ƙyanda, ko yana fama da tamowa, sai limoniya ta biyo baya. Wasu ƙwayoyin cutar suna narkar da naman huhu cikin kwanaki kaɗan, su bar ramuka masu siririn bango da ke fashewa. Uwa za ta ga yaro yana numfashi sama-sama, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, hancinsa yana buɗewa, ya ƙi nono. Irin wannan yaro ba na gashi da ruwan zafi da man shafawa ba ne, na asibiti ne a ranar. Riga-kafin kuwa yana nan kyauta: ta tarin fuka a ranar haihuwa, ta limoniya wadda aka fara shigar da ita cikin alluran yara a Nijeriya daga ƙarshen 2014, ana yin ta a mako 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata tara da maimaicinta a wata goma sha biyar. Wanda ya je Gamarya ko Shagogo ko Toranke ko Balare gaida iyaye, ya nemi katin 'ya'yan ƙannensa ya duba. Ba zai ci masa minti biyar ba.

Yaya ake gane yoyon huhu? Mai tsohon tari ya ji wani abu ya soke shi a gefe, numfashi ya ƙwace masa farat ɗaya. Ko ya fara fitar da kaki mai yawa, mai wari, wanda ke ƙaruwa idan ya juya kwanciya. Wani lokaci iska takan shiga ƙarƙashin fata, wuya da ƙirji su kumbura, idan ka danna ka ji ƙaras-ƙaras kamar ka murza busasshen ganye. A nan akwai abu ɗaya da nake so kowa ya tafi da shi, domin ya taɓa ceton rai a cikin mota: irin wannan majinyaci a kwantar da shi a kan gefen da ke ciwo, gefe mai lafiya yana sama, a ɗan ɗaga kansa. Tausayi yakan sa mu yi akasin haka, mu ce kada ya danne ciwo. To idan gefe mai lafiya ne a ƙasa, mugunya can za ta gangara, kuma tafiyar kilomita sittin da 'yan kai daga Gaya zuwa Kano ta isa ta cika masa huhun da ya rage. A asibiti hoton ƙirji zai nuna iska a sama, ruwa a ƙasa, da layi miƙaƙƙe a tsakaninsu kamar ruwa a randa. Hoton siti-sikan yakan nuna ramin kansa, wani lokaci kuma sai an zura siririyar kyamara ta maƙogwaro an leƙa.

Magani na farko ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Tiyo ne na roba ake sakawa ta tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakin a nutsa shi cikin ruwa a kwalba. Iska da mugunya su fito, ruwan kuma ya hana iskar waje komawa. Wani likitan birnin Hambog na Jamus, Gotthard Bülau, ya yi amfani da wannan dabara tun 1875, kuma har yau ba a sami abin da ya kore ta ba. Kwalbar nan ita ce ke gaya mana gaskiya: muddin ruwan yana ɓulɓulowa duk lokacin da majinyaci ya yi tari ko ya fitar da numfashi, ramin yana nan. Ƙaramar huda takan rufe cikin kwana biyar zuwa bakwai. Wadda ta wuce haka ita ce abokiyar zamanmu, kuma ta tarin fuka tana iya ɗaukar makonni, har watanni. Masu jinya su kiyaye abu biyu: kada a ɗaga kwalbar sama da ƙirji, domin abin da ya fito zai koma; kada kuma a lanƙwasa tiyon ko a ɗaure shi don majinyaci ya je ban-ɗaki, domin iskar da aka hana fita ita ce ke danne zuciya.

Idan tiyo da magani suka kasa, sai tiyata. Mugunyar da ta daɗe takan bar wani ɓawo mai kauri da ya ɗaure huhu kamar ganga, sai an ɓare shi kafin huhu ya buɗe. Ramin kuma a ɗinke shi, a yanko tsoka mai rai daga baya ko daga tsakanin haƙarƙari, ko kitsen da ke lulluɓe da hanji, a liƙa a kai, domin nama mai jini ne kaɗai ke iya toshe wurin da ya ruɓe. Wanda jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba, akan cire masa guntun haƙarƙari a bar taga a gefensa ana wankewa kullum, dabarar da Leo Eloesser ya bayyana a 1935 saboda masu tarin fuka. A ƙasashen da suka ci gaba har wani ɗan bawul suke sakawa ta maƙogwaro ya toshe reshen da ke yoyo. Mu dai a nan sai an dangana da manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likitocin tiyatar ƙirji kuwa 'yan ƙalilan ne a duk arewa, kuɗin kuma na sayar da gona ne.

Saurayin da na ba ku labari ya yi mako bakwai da tiyo a gefensa. A mako na uku kawunsa, wanda shi ke ɗauke da nauyin jinyar, ya same ni ya ce, “Likita, ka sallame mu haka nan. Kullum kwalba ce dai ke tafasa, ba mu ga an yi masa wani aiki ba, ga hatsin gida ya ƙare, ga kuɗin abinci a nan ya fi ƙarfinmu.” Na ce, “Baba, tafasar nan da kake gani, da ba ta cikin kwalba, da a cikin ƙirjinsa take. Ka ba ni mako biyu.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mako biyun wa zai ciyar da mu?” Ban da amsa a ranar. Wani ɗan ƙasarmu mai shago a Kantin Kwari ne ya ji labari ya ɗauki nauyin abincinsu. Yaron ya rayu, ramin ya rufe, amma huhun hagunsa ya ƙanƙance har abada, gefen ya lotsa, kafaɗa ɗaya ta sauka. Shekararsa ba ta kai talatin ba, kuma ba zai ƙara yin kunya goma a jere da garma ba.

Ku auna wannan da abin da zai hana shi tun farko. Gwajin kaki kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar ta bijire wa babban maganin. Maganin ma kyauta ne: wata biyu ana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu ana shan haɗin biyu, wata shida ke nan cif. Ɗaya daga cikinsu yana mayar da fitsari ja, kada wannan ya firgita kowa. Kowace ƙaramar hukuma, har da Gaya da Ajingi da Albasu, tana da jami'i mai kula da tarin fuka da kuturta, kuma wanda ya tambaya a Babban Asibitin Gaya za a nuna masa inda zai kai kaki. A birni ga Asibitin Zana. Wanda ya fara magani a Legas ko Fatakwal kuma tafiya gida ta kama shi, takardar sauyin wuri kawai zai karɓa ya ci gaba a nan daga inda ya tsaya. Da saurayin nan ya san da wannan takarda, da ba ku ji labarinsa yau ba. Yanke magani kuwa, ban da dawowar ciwo, yana koya wa ƙwayar taurin kai. Mai irin wannan a da sai ya yi wata goma sha takwas zuwa shekara biyu yana shan magani da allurai masu kurumtarwa. Tun 2022 an amince da sabon haɗi na wata shida ba allura, amma har yanzu ya fi na farko wahala da tsada ga hukuma.

To ina namu laifin, mu da ke birni? Mu ne ake bugo wa waya a ce wane ba shi da lafiya, mu tura dubu biyar mu ce a saya masa magani, ba mu tambayi kwana nawa ya yi yana tarin ba. Ka'idar kuwa mai sauƙi ce: tarin da ya kai mako biyu, a gwada kaki. Mu ne ake saukar wa majinyaci a gida, mu ware masa kwano da cokali, mu kulle shi a ɗakin da ba taga tare da yaranmu, alhali cutar ba ta kwano take bi ba, ta iska take bi. Buɗe taga ya fi ware kwano amfani, kuma wanda ya yi makonni kaɗan yana shan maganin da ya dace, haɗarin yaɗa ta ya ragu ƙwarai. Mu ne kuma ke ɓoye sunan ciwon don kada a fasa auren 'yarmu, har a rasa damar gwada sauran mutanen gida da ba ƙananan yara maganin kariya. Ina ƙara tunatar da masu ciwon suga da masu cutar da ke karya garkuwar jiki da mashaya taba cewa su ne ƙwayar ta fi samun sauƙin kayarwa. Nonon da muke marmari idan mun zo gida ma, a tabbata an tafasa madarar kafin a kafa shi, domin shanu suna da nasu irin tarin fukan da ke kama mutum.

Wani abin da ya sa na matsa a kan wannan batu bana shi ne, kaso mai tsoka na kuɗin yaƙi da tarin fuka a ƙasar nan daga waje yake zuwa, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa ta rufe hukumarta ta raya ƙasashe. Ma'aikatan da ke bi gida-gida suna neman masu tari da masu ɗaukar kaki a babur zuwa wurin gwaji, da yawansu da irin wannan kuɗi ake biyan su. Ba ni da ikon cewa ga yadda za ta kaya, amma mai dogaro da tuwon maƙwabta ya kamata ya san inda tukunyarsa take.

Shawarata ga shugabanni, mun saba gina ajujuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma ba na raina su, sai dai ana iya ɗaukar hotonsu a sa a mujalla, abin da nake roƙo kuwa ba shi da hoto. A ware wani ɗan kaso na asusun ƙungiya don abu biyu kacal: kuɗin mota ga mai zuwa karɓar magani daga ƙauyuka masu nisa irin na Ajingi, da abinci ga majinyacin da aka sa wa tiyo da mai jinyarsa har a cire. A damƙa shi ga mutum biyu amintattu da za su riƙa tuntuɓar jami'an tarin fuka na ƙananan hukumominmu, ba tare da an karanta sunan kowa a taro ba. Rassanmu na Legas da Fatakwal kuma su sa wa 'yan ci-rani ido kafin damina, duk wanda ke kan magani kada ya hau mota sai da takardarsa a aljihu. Na rubuta wannan a takarda na miƙa wa sakatare don a sa shi cikin ajandar zaman gobe.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. Bayan an tashi zan zauna a bencin da ke bakin ƙofa har zuwa la'asar. Wanda ya zo da hoton ƙirjin wani nasa, ko yake da mai tari a gida yana jin nauyin tambaya a bainar jama'a, ya same ni a can.